Turaren Gawa a Gidan Barka

Ranar Kirsimeti, a tashar Birnin Kebbi, cikin motar Argungu da ba ta cika ba, wani dattijo ya dubi Bayarabiyar da ke gefensa rungume da kular abinci.

"Iya, yau ranar bikinku, kina hanya?"

"Shinkafar Kirsimeti zan kai garin Gulma, wajen Argungu, Baba. Ranar kyauta ce. Da aka haifi Yesu, baƙi daga gabas sun kawo masa zinariya da lubban da mur."

"Mi ne ne mur?"

"Turaren da ake shafa wa gawa."

"Subhanallahi. Mu sabulu da atamfa muke kaiwa barka. Wa zai kai ma jinjiri kayan jana'iza?"

"Ni ma abin ya daɗe yana damuna. Fasto ya ce alama ce Yesu zai ba da ransa. Sai bana na fahimta. Duk wanda ka ba kyauta, mai tafiya ne ka ba."

"Wa za ki kai ma?"

"Ummu Hani, maƙwabciyata a unguwar Badariya. Shekara goma sha tara tana aiko mini naman layya, ina aika mata wannan. Bara ta koma Gulma, na ce kasuwa ta riƙe ni, sai baɗi. Da damina ta rasu."

"Allah shi jiƙan ta. To, wa zai ci?"

"'Ya'yanta, in sun karɓa."

"Za su karɓa."

Dattijon ya leƙa waje ta taga, sannan ya ce:

"Ƙanena na nan unguwar Gesse. Shekara huɗu ba mu magana. Ɗazu na wuce ƙofarshi da albasa buhu guda, ban tsaya ba."

"Mota ta kusa cika, Baba."

"Na gani. Direba, sauko min da buhuna."