Dodon Koɗin da Ya Ci Sunan Maigidana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Malam Tanko; mai unguwar Madabo, ranka ya daɗe; liman da na'ibinsa; malaman jami'a da suka taso daga nesa; shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa da suka haɗa wannan walima; Alhaji Babba, yayan marigayi maigidana, wanda na hango ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa; iyaye mata da 'yan uwa; jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Sunana Rabi'atu, ni ce mahaifiyar wadda aka taru dominta. Sunanta yana rubuce a jikin ƙyallen can, kowa ya karanta da kansa. 'Yar fari ce, ni kuwa Bafillatana ce, saboda haka a bakina 'Yardada take, ko an jera mata Dakta goma. Ina godiya ga wanda ya kafa rumfa, da wanda ya jera kujeru, da wadda ta hura wuta, da duk wanda ya bar kasuwarsa ya zo karrama yarinyar da ta tashi a garin da babban ruwansa kududdufi ne, ta tafi ta zama masaniyar halittun teku.

Maganata uku ce.

Ta farko, abin da ta gano, domin ana ta tare ni a hanya da tambaya. Wasu sun ji an ce kifi ne, wata maƙwabciyata har ta yi mini murnar man fetur. To, dodon koɗi ne. Ba irin wanda muke gani da damina ba. Shi gidansa ba naɗaɗɗe ba ne, ɗan bututu ne mai lanƙwasa kamar guntun taliya, kuma ƙwayar gero ta fi shi kauri. Tsakanin ƙwayoyin yashi yake zaune a bakin teku, can kudu. Shekara da shekaru tana tankaɗe yashi da rariya tana nemansa, aikin da na yi fama da ita ta koya a kan garin tuwo ta ƙi. Ta nuna mini hotonsa, faɗin faranti. Na ce shi kansa nake son gani, ta miƙo mini 'yar kwalba. Na ɗaga, na juya, na ce babu komai a ciki. Ta ce, "Inna, sun fi talatin a nan." Na yarda, domin ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ta biyu, yadda ake raɗa musu suna. Na zaunar da ita na tambaya, tun da abin ya shigo mini gida. Danginsu suna da yawa, kuma duk kamar daga bututu ɗaya aka yayyanko su. Ana bambanta su da zobban da ke jikin bututun, da kuma siffar murfin da ya toshe ƙarshensa, domin idan ɗayansu ya girma sai ya karya tsohon gidansa ya yar, ya liƙe wurin. Mai bincike zai gwada nasa da duk waɗanda aka riga aka sani a duniya. Idan babu irinsa, sai a ajiye guda ɗaya a gidan adana halittu ya zama shaida, a buga bayaninsa a mujallar masana, a ba shi suna biyu, na dangi da nasa na kansa. Babu rago, babu goro, babu wanzami. Amma da zarar an buga, an gama. Ko wanda ya raɗa sunan ba shi da ikon janye shi.

'Yardada ta sa wa nata sunan mahaifinta.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, wadda rabin jama'ar nan suka sani, sauran rabin kuma suke yi kamar ba su sani ba. Ranar da labari ya isa babban gida, Alhaji Babba ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Sunan da aka yanka wa rago, liman ya yi masa addu'a, shi za a ɗauka a liƙa wa ƙwaron cikin yashi? Ki gaya mata ta cire, in ba haka ba kada ta sake tako mini zaure." Na ce, "Alhaji, ba ya ciruwa." Ya ce, "Ko rini ana kankarewa." Na ce, "Wannan ya fi rini." Sai ya ce, "To, idan girmamawa ce kamar yadda kuke faɗa, ke matarsa ki tsaya gaban mutanen Madabo ki faɗi sunan da bakinki. Ranar da kika faɗa, ta shigo."

Alhaji ya san abin da ya ɗora mini. Tun ranar da aka kai ni ɗakin ƙaninsa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Mai gawayin layinmu da suke suna ɗaya, mai sunan maigida nake ce masa. A asibiti, da ma'aikaciya ta tambayi sunan mara lafiya, ƙanwata na zungura ta faɗa. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba sai bana.

Ban ce Alhaji ba shi da hujja ba. Ƙaninsa ne, ciki ɗaya, kuma kishin sunansa yake yi. Amma ina roƙonsa, ina roƙon jama'a, a tuna wane ne mai sunan. Mai gyaran agogo ne a Ƙofar Wambai, mutumin da ya ƙare rayuwarsa da gilashi manne a ido ɗaya, yana bin abin da sauran mutane ba sa gani. Shi ya fara ɗora wa yarinyar nan gilashin a ido, ya zuba mata yashi a tafin hannu ya ce ta duba da kyau, babu ƙwaya biyu iri ɗaya. Shi ya raka ta tasha ranar da za ta tafi karatun teku, shi da bai taɓa ganin teku ba. Da a ce abin da 'Yardada ta gano giwa ce, ta sa mata sunansa, da ni kaina na ce ba ta san ubanta ba.

Tun da ta sauka a garin nan, kullum sai ta je ƙofar gidan da aka haifi mahaifinta, ta tsaya, ta juyo. Ana kiranta Dakta a jami'a, tana dawowa ɗakina tana kuka. Wannan abu ya yi mini ciwo, kuma na gaji da shi.

Allah ya saka wa waɗanda suka shirya taron nan da alheri. Allah ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Allah ya zaunar da Madabo da Kano da ƙasarmu lafiya, ya shiryi 'ya'yanmu, ya ba su ilimi mai amfani, babba da ƙarami.

Sunan dangin wannan halitta na Latin ne, harshena bai iya ba. Nasa na kansa kuwa, Isyaku. Allah ya jiƙan Isyaku. Allah ya haskaka kabarin Isyaku.

Alhaji, ka ji da kunnenka, liman shaida ne. 'Yardada, tashi ki je ki gaida baffanki.

Na gode.