Ranar da Na Sauke Irmiya Ƙasa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Sunana Markus, amma yawancinku da Baban Irmiya kuka san ni. Wannan shaida da hannuna na rubuta ta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a nan ikilisiya. In na yi tuntuɓe wajen karantawa, ku yi mini haƙuri.

Shekarar da soja suka canza launin takardun kuɗi, mutane suka cika bakin banki, a shekarar ne ciwo ya shigo gidana. Lokacin ban daɗe da zuwa Azare daga ƙauyenmu na wajen Bogoro ba, ina leburan gyaran hanya. Ɗanmu Irmiya yana da shekara biyu, yaro mai ƙiriniya, ba ya barin kajin maƙwabta su huta. Zazzaɓi ya kama shi. Da zazzaɓin ya sauka, sai ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Aka ce shan inna ne.

Ni da matata Saratu muka yi wa junanmu alkawari cewa yaron nan ba zai ja gindi a ƙasa mutane suna kallonsa ba. Muka ɗauke shi. Saratu ta goya shi zuwa rijiya, ta goya shi zuwa kasuwa, ta goya shi zuwa sujada. In na dawo daga aiki na karɓe ta, na ɗora shi a wuya. Ruwa a baki muke ba shi. Ko ludayi ba mu bari ya miƙa hannu ya ɗauka ba. Kullum addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, ka tashe shi. Ina jira, ina ce wa kaina wannan shi ne bangaskiya.

Haka muka yi shekara huɗu.

Wata Laraba da hantsi, sai ga wata mata ta tsayar da ɗan babur a ƙofar gidanmu, ta yi sallama. Hajiya Yagana ke nan, ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a, wadda iyayenta suka zo daga Borno tun tana yarinya. Aikinta shi ne bin gidajen da ke da yara masu naƙasa, daga cikin gari har Bulkachuwa da ƙauyukan Shira. Wata ungozoma ce ta ba ta labarinmu.

Har yau ina ganin ta a idona. Ta tuɓe takalmi, ta ƙi kujerar da na kawo, ta zauna a tabarma ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke tsakar gida. Ta dubi Irmiya a bayan uwarsa, ƙafafunsa suna reto har gwiwar Saratu.

"Wannan ne angon nawa?" in ji ta. "Kai, ni fa ba na auren mijin da ake goyawa. Maman Irmiya, sauke mini shi in ga abin da zan aura."

Saratu ta dube ni. Na ce, "Hajiya, ba ma ajiye shi a ƙasa."

"To, yau za ku fara, Malam Markus."

Ta kwance bakin gyalenta, ta fito da ƙuli-ƙuli, ta ajiye a can ƙarshen tabarma. Irmiya ya miƙa hannu, bai kai ba. Na sunkuya zan ɗauko masa, sai ta tare ni da hannu. Yaron ya yi kuka, ya dubi uwarsa, ya dube ni. Da ya ga ba mai taimakonsa, sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ja jikinsa, ya ɗauka. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ni kuwa raina a ɓace yake. Na ce a zuciyata, wannan mata ba ta da tausayi.

Amma ba ta rabu da mu ba. Ita ta kai mu asibiti ranar da likitan ƙashi ke zuwa daga Bauchi, ta tsaya tana fassara mana abin da ya ce. Ya ce yawan goyo ya sa gwiwoyin yaron sun fara ƙagewa a lanƙwashe. In ba a riƙa miƙe su safe da yamma ba, nan da ɗan lokaci ko takalmin ƙarfe ba zai shiga ba, kuma yaron ba zai taɓa tsayawa ba har ya mutu. Hajiya ta koya mana yadda ake miƙewar. Ta sa na sari gora biyu dogaye, na kafa su a jere daga ƙofar ɗaki zuwa gindin maina, don ya riƙa dafawa.

'Yan'uwa, miƙewar nan akwai zafi! Irmiya yana ihu, yana cewa, "Baba, me na yi maka?" Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ku ji tsoron Allah, ku bar yaro da abin da ya same shi." Na kasa jurewa. Na ce wa Saratu mu daina. Muka koma goyo, kaji suka mai da gorar nan wurin hutawarsu.

Da Hajiya ta dawo, a wuyana ta tarar da shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna, ta sha ruwan da aka kawo mata, sa'an nan ta ce, "Malam Markus, shekararka nawa?"

Na ce ban sani ba daidai, amma na haye arba'in.

"Dubi bayan matarka, ya fara sunkuyawa. Kai ma wuyan nan ba na ƙarfe ba ne. Ranar da babu kai, babu ita, wa zai goya ƙato mai gemu? Ni na yi nawa, ina sa shi a addu'a in na yi salla. Kai ma je ka gaya wa Allah gaskiya."

Maganar nan ta bi ni har wurin aiki. Washegari na zo addu'ar safe, a tsohon ginin nan na ƙasa da muke da shi kafin a yi wannan. Bayan kowa ya watse, na durƙusa a gaban benci. Na buɗe baki zan ce, ka tashe shi, kamar kullum, sai maganar ta ƙi fita. Hawaye ne suka fito. Abin da na ji kaina ina faɗa shi ne: Ubangiji, ba ƙafafun yaron kaɗai ke da rauni ba, zuciyata ma haka. Ka ba ni ƙarfin da zan sauke shi ƙasa.

Haleluya! Na tashi daga wurin kamar an sauke mini buhun gero daga kai.

Na koma gida na kori kajin. Ni na riƙe gwiwa, Saratu tana yi masa waƙar zumuntar mata don ta ɗauke hankalinsa, mu ukun muna kuka. Damina ta zo ta wuce muna yi. Hajiya ta bi maganar takalmin ƙarfe har aka kawo daga Kano, ta sa kafinta ya yi sanduna daidai hammatarsa. Da shugaban wata makarantar firamare ya ce ba su da wurin irin wannan yaro, ita ta yi ta sintiri a ofishinsa har ya gaji ya ce a kawo shi.

Wata Laraba bayan girbi, Hajiya tana zaune a gindin maina tana ɓare gyaɗa da Saratu, sai Irmiya ya kama gorar nan daga ƙofar ɗaki. Yana rawar jiki, yana cije leɓe, takalmin yana ƙara. Ba wanda ya motsa. Na ɗaure hannuwana a baya don kada su ci amanata. Ya zo har gabanta ya tsaya, yana haki, ya ce, "Hajiya, yanzu za ki aure ni?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Sai ka kawo sadaki tukuna, malalaci!"

Yabo ya tabbata ga Allah! Kun ga saurayin da ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, sandunansa a jingine da bango? Shi ne. Yana makarantar sakandare, kuma shi ya duba mini wannan rubutu.

Ina kewar Larabobin nan. Ina kewar ƙarar babur ɗinta daga bakin layi, da yadda yara ke bin ta a guje, da ƙamshin turaren da take bari a tabarmarmu. Da aka ƙirƙiro jihar Yobe, aka mai da aikinta can. Irmiya da ƙafarsa ya raka ta tasha.

Ina gode wa Ubangiji wanda ya amsa addu'ata ta hannun da ban yi tsammani ba. Ku da kuke da irin wannan yaro a ɗaki, ku dogara ga Allah, kuma in ya aiko mai sallama a ƙofarku, ku shimfiɗa tabarma.

Ba zan ɓoye muku abin da muka rasa ba. Mun rasa shekara huɗu. Ƙafarsa ta hagu ba ta miƙe duka ba, kuma ba za ta miƙe ba. Bayan Saratu bai koma daidai ba, kun gan ta can yadda take zama. Gara ta cinye gorar, mai gidan haya ya sare mainar. Hajiya Yagana kuwa, tun ranar tasha ban sake jin labarinta ba.

Abu shida ke nan. Irmiya ba ya cikinsu. Amin.