Muryar Baba a Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Fasto, dattawa, iyayena mata da sauran 'yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a nan Kankia. Na san wasu za su yi dariya in na ce shaidata ta yau a kan kwamfuta ce. Ku yi abinku. Ni dai na sha wuya a hannunta.

Kafin Babanmu ya rasu na ɗauki muryarsa a waya. Mutum ne mai waƙa, da kansa yake ƙaga waƙoƙin yabo, a gona ko a sujada, kuma ba wanda ya taɓa rubuta su. Da wayar ta cika sai na kwashe su na zuba a laftof ɗina. Daga baya wayar ta faɗa ruwa ta mutu. Ka ga ke nan muryar Baba ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan kwamfuta.

Da daminar bana mahaifiyata, Inna, ta kwanta ciwo a gidan Yaya Bitrus a Mawashi. Idonta ya riga ya tafi, abinci ma sai an yi ta lallashi. Da na je duba ta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, an ce kin aje muryar babanku cikin wani akwati. Ki kawo mani in ji."

Na ce, "Inna, ai wannan ba wuya. Sati mai zuwa za ki ji."

Na dawo gida na danna kwamfutar. Shiru. Na sake dannawa, 'yar fitilarta ta yi ƙyal ta ɗauke. Washegari ta tashi lafiya lau, kafin in lalubo inda waƙoƙin suke ta mutu. Haka muka yi ta yi da ita. Ranar da ta ga dama ta tashi, ranar da nake buƙatarta ta yi kamar dutse.

Maigidana ya ce in cire batir in danne madannin kunnawa. Na danne har yatsana ya yi zafi. Wata malama a makarantarmu ta ce zafi ne ya yi mata yawa, in sa ta gaban fanka. Maƙwabciyata ta ce a'a, sanyin damina ne, in shanya ta a rana. 'Yan'uwa, duka biyun na yi. Babu abin da ya canza.

Sai na kai ta wurin Malam Nura, mai gyara a bakin kasuwa. Ya jona ta, ya danna sau ɗaya, ta tashi tar kamar sabuwa.

Ya ce, "Malama, ai lafiyarta ƙalau."

Na ce, "A gida fa ba ta tashi."

Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, ba ta yi gardama ba. Ya ce, "Ƙila wutar unguwarku ce ba ta da ƙarfi."

Don murna ban ma yi tunanin kwashe waƙoƙin a nan take ba. Na rungume ta, na biya gida na ɗauki caja, na hau mashin sai Mawashi. Yaya Bitrus ya aro janareta wurin maƙwabcinsa, aka zaunar da Inna a tabarma, matan gida da na maƙwabta suka cika tsakar gida. Na jona cajata na danna.

Ba ta tashi ba.

Na danna, na girgiza, na cire na mayar. Janareta na ta ƙara, mutane na kallona. Can Inna ta juyo da kai ta ce, "An fara ne? Ni ban ji ba."

Da zuciya na dawo Kankia. Na wurga kwamfutar kan kabad. Yarana suka daina zuwa kusa da ni, maigidana in ya yi magana in hau shi da faɗa. Addu'a ma na daina, don ina ganin Allah yana kallo Inna na ƙarewa, abu kaɗan ta roƙa, ya gagara. Yaya kuma kullum sai ya kira ya ce, "Tana tambaya fa."

Ranar zumuntar mata, Mama Saratu shugabarmu ta ce mai roƙon addu'a ya faɗa. Wata ta ce ciwo, wata ta ce haihuwa. Kunya ta kama ni, yaya zan ce kwamfuta? Amma na miƙe na faɗa. Ba wadda ta yi dariya. Mama Saratu ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Ya Uba, mu ba mu san kan wannan na'ura ba, kai ka sani. Amma ka fara kwantar da zuciyar baiwarka, don ta gaji." Na yi kuka sosai. Na fita daga ɗakin nan ba nauyi a ƙirjina.

Washegari da safe na sauko da kwamfutar zan koma wurin Malam Nura. Ina naɗe cajar zan ajiye, sai na tsaya. Wancan zuwan ai ban tafi da cajata ba. Da tasa ya jona. Na jefa cajar a jaka.

Ya sa tasa, ta tashi. Ya sa tawa, shiru. Ya lanƙwasa wuyan wayar cajata, fitila ta kawo, ya saki ta ɗauke. Ya ce batir ya daɗe da mutuwa, wayar cajar kuma ta tsinke ta ciki, sai an yi sa'a take haɗuwa.

Ya ce, "Malama, me ya hana ki zuwa da ita tun farko?"

Na ce, "Kai me ya hana ka tambaya?"

Muka yi dariya. Na ce ya mayar da tasa cajar, kada ya kuskura ya taɓa ta sai na gama. Na kwashe waƙoƙin na zuba a sabuwar wayata, na tura wa maigidana da duk 'yan'uwana.

Ran Asabar na koma Mawashi. Na sa wa Inna waya a kunne, muryar Baba ta fito. Hawaye na ta bin kuncinta. Ana tsakiyar waƙa sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Ya tsallake baiti guda. Wanga mutum, kullum sai ya tsallake shi." Ta buɗe baki ta rera baitin da kanta, da 'yar muryar da ta rage mata. Da ta gama ta ce a dama mata kunu.

Har yanzu Inna na kwance, ku ci gaba da sa ta a addu'a. Amma tana cin abinci, tana waƙa. Na gode wa Ubangiji da ya cire ni daga wannan fushi, ya kuma cika wa tsohuwa burinta. 'Yan'uwa, kada ku ji kunyar kawo masa abin da kuke gani ƙarami ne. Ku kawo, yana ji. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.