Sarkin Linki Ya Buɗe Falonsa

A bencin shagon gyaran waya, wani mai siririn gemu ya lura matar da ke gefensa tana leƙen fim ɗin da yake kallo. Nan da nan ya gyara zama, kansa ya kumbura.

"Hajiya, sabo ne fil, ko sinima bai bari ba. Ni nake ɗora su a ma'ajiyata ta intanet, in watsa linki a gurup. Kyauta!"

"Kyauta da gumin wasu," ta ce, ta taɓe baki. "Mutane su yi wata da watanni cikin rana suna ɗauka, kai ka kwashe kana kwance."

"Haba! Me na satar musu? Nasu yana nan a hannunsu, kwafi kawai na yi. Taimakon talaka ne."

Ta ƙura masa ido. "Tsaya. Ba kai ne Sarkin Linki ba, mai falo da jan labule?"

Ya tsayar da fim ɗin. "Ina kika san falona?"

"Ƙanena yana gurup ɗinka. Linkin jiya ba na fim kaɗai ba ne, ma'ajiyar ka buɗe gaba ɗaya. Mun ga katin shaidarka, mun ga surukarka tana minshari a kujera, mun gan ka da gajeren wando kana tiƙar rawa gaban madubi."

"Innalillahi! Ai sirrina ne! Wa ya ba ku izini?"

Mai gyara ya miƙo mata wayarta, ta tashi tana gyara mayafi.

"Me muka satar maka, malam? Naka yana nan a hannunka. Kwafi kawai muka yi."