Yaya Sani ya dawo, yaƙin bai sake shi ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Dayi. Yayana Sani tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Borno. Muna casar masara a gona, injin ya yi wata ƙara kamar harbi. Nan take Yaya ya rarumi fartanya ya rufe ƙanenmu Bala da duka, ya karya masa hannu, ya fasa masa goshi. Da ƙyar maza suka danne shi. Da ya dawo hayyacinsa ya rungume Bala yana kuka: "Wa ya yi maka haka?" Mun nemi haƙƙinsa na nakasa, aka ce ai babu rauni a jikinsa. Jama'a, ina za mu kai shi? Ba ma son a ɗaure shi da mari kamar mahaukaci.