Rabon 'Yan Kallo

A tashar motar Cubao da ke yankin Manila, Mang Turing na ta murmushi yana juya kati, har matar da ke gefensa ta tanka.

"Baba, wannan fara'a ta wanda ya ci caca ce. Ina balato, rabonmu na 'yan kallo?"

"Ci? Tas aka cinye ni!"

"To murnar ta mece ce?"

"Saurara, 'yar nan. Kati huɗu masu alamar zuciya gare ni, ina jiran na biyar da zai ba ni nasara. Tara irinsu suka rage cikin kati arba'in da shida, wato sau ɗaya cikin biyar zai fito. Sai an biya ninki huɗu na abin da na zuba jiran ke da riba. Abokiyar wasana kuwa ta gano ni, ta zuba kuɗi yadda ninki biyu kawai zan samu. Dole na ajiye katina, na haƙura!"

"Wayyo, ta raina ka ke nan."

"Raini? 'Yar cikina ce, sunanta Luningning! Ni na koya mata lissafin, da ƙwayar masara."

"Ta bar ubanta ba ko sisi?"

Ya zaro peso hamsin, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Wa ya gaya miki? Ga balatona da ta ba ni!"