Ranar da Mma Sanatu ta koma ampe

Shugaban taro, wakilin Mai Gari, malamanmu, Magajiya da matan Savelugu, iyayenmu da aka jera a gaba don kada su motsa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da wannan gayyata. Kun kira ni saboda na yi karatun gyaran gaɓoɓi a jami'a, ni kuwa labarin yadda karatun ya sha kaye na kawo muku.

Da farko, laifinmu. Bara waccan mahaifiyata, Mma Sanatu, ta zame a bakin randa. Ba ta karye ba, amma mu 'ya'yanta muka karɓe tsintsiya, muka karɓe tulu, muka hana ta tsintar kaɗanya, muka kira wannan ladabi. Cikin wata shida, matar da a da take zuwa Tamale a ƙafa ta kasa kaiwa ƙofar gida sai da dafa bango.

Na biyu, ilimina. Na rubuta mata motsa jiki kala goma, har da zane. Ta duba ta ce, "Tiyumba, abin da aka koya miki ke nan? In ɗaga ƙafa, in sauke, ban je ko'ina ba?" Ta mayar da takardar mafici.

Na uku, ƙawarta Mma Napari. Tare suka yi wasan ampe a gindin kuka, zamanin da kowace yarinya a garin nan ta iya tafi da tsalle da jefa ƙafa tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Ta zo dubiya, ta tsaya a kanta ta ce, "Dama can ba ki iya ba. Sau nawa na fitar da ke a gaban samari?"

Mma ta ce, "Ke? Mai tafiyar agwagwa? Tiyumba, riƙe mini sandar nan!"

Babu tsalle, gwiwa ta wuce nan. Tafi kawai, a jefa ƙafa ɗaya, a tsaya a kan ɗayar. Abin da na yi wata uku ina roƙo ta ƙi, ta yi shi sau talatin a rana guda don kada Napari ta yi mata dariya. Kafin damina ta fita, da ƙafarta take zuwa kasuwa. Tsohuwar zuma, da ita ake magani.

Yanzu tsofaffin matan da ke wasan ampe su goma sha huɗu ne, wannan filin da muke buɗewa kuwa nasu ne. Roƙona ɗaya: in tsohuwa ta miƙe, kada ku ce mata zauna. Ku tambaye ta wa ya ci jiya.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya tsare su daga faɗuwa, ya mayar da kowa gida lami lafiya.

Na gode.